Facin da Dakta Ya Gano

Dakta Farhudi ya durƙusa a kan dardumar da madubinsa mai ƙara girma, yana ta gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. Takanas aka ɗauko shi daga Tehran zuwa Kashan, wai shi masanin tsofaffin dardumai. To, masani.

Usta Yadullah, tsohon gwanin gyaran darduma, yana tsaye a bakin ƙofa. Shekara arba'in da uku yana kula da dardumar nan ta gidan Haji Bahram. Asu ya ci, ya gyara. Garwashin tukunyar shayi ya faɗa, ya gyara. Shekarar da rufin ɗakin ya yi yoyo, wata tara ya yi a sunkuye a kanta. Yanzu Haji ya rasu, ɗansa Kamran ya ce idon tsoho ya mutu, kuma yau bakin Dakta ne zai yanke ko a bar shi da aikinsa ko ya tattara alluransa.

"Kai, kai! Dubi ƙulli!" in ji Dakta. "Dubi jan nan, shekara ɗari biyu bai gaji ba. Masaƙan da ke nan! Na yanzu ai 'yan wasa ne."

Kamran ya kumbura sai ka ce shi ya saƙa ta.

Can a kusurwa Dakta ya yi turus. Wani wuri ne da bai fi tafin hannu ba, launi ya koɗe, fure a karkace, ƙulli sako-sako.

"Subhanallahi! Wane makaho ne ya yi wannan faci?"

Kamran ya juyo a fusace. "Ka ji da kunnenka, Usta. Haka ake yi wa gadon kakanni? Daga yau an gode."

Magana ɗaya za ta wanke Usta, amma ita ce za ta zubar da abin alfaharin gidan da ya daɗe yana cin gurasarsa.

"Allah ya huci zuciyarka, Agha," ya ce wa Kamran cikin girmamawa, ya ɗauki jakarsa.

Ya fito titi da baƙin ciki fal cikinsa, ga kuma dariya tana neman shaƙe shi. A duk faɗin dardumar, wannan karkataccen furen ne kaɗai ya saura daga hannun masaƙin farko, sauran kuwa kaf aikin Usta ne, makahon da aka kora.