Direban da ya ji tausayin motarsa

Matso kusa, ɗana. Ni da mahaifinka tare muka tashi, don haka ba faɗa na kira ka in yi maka ba. Na ji ka rufe masa rumfar ɗinki a kasuwa, ka ɗauke keken, ka sayo masa kujera mai laushi da fanka, ka ce shekarun da ya yi yana taka keke dominku sun isa haka, yanzu ya zauna ya huta. Allah ya yi maka albarka, ba kowane ɗa ke tuna wannan ba. Amma kai da bakinka ka ce tun daga ranar tuwo ba ya wuce masa, kuma kullum da safe sai ya sa hula ya fito zaure ya tsaya, ba shi da inda za shi. Abin ya dame ka, ni ma ya dame ni. Bari in ba ka misali.

An yi wani direba mai jigilar fasinja tsakanin Gusau da Kano. Ya daɗe yana tuƙa motar mutane kafin Allah ya ba shi tasa ta kansa, irin mai turbo ɗin nan da ba ta san tudu ba. Son da yake mata har ya zama abin tsokana a tasha, ana cewa da mota na cin tuwo, da ita zai fara zuba wa kafin iyalinsa. In ya dawo da la'asar, inji ya ɗau zafi har hannu ba ya taɓa gaban motar, sai tausayinta ya kama shi. Tayoyi ba su gama tsayawa a ƙofar gida ba ya murɗe makulli, ya shafa sitiyari ya ce, "Sannu baiwar Allah, huta." Daga nan 'yarsa ƙarama ta rugo da kofin ruwa, ya riƙe hannunta su shige gida, zuciyarsa fari tas, a ganinsa ya kyauta. Bai san cewa turbo wata 'yar farfela ce da hayaƙin inji ke juyawa da gudun da ido ba ya gani, cikin zafi irin na maƙera ba. Baƙin mai ne ke zagayawa yana sanyaya ta, kuma inji ne ke tura man. Da an kashe inji mai ya tsaya cak, ita kuwa farfela tana nan da zafinta, ko juyin ma ba ta gama ba. Ɗan man da ya rage a jikinta sai ya ƙone ya kama. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Ba a jima ba mota ta fara wani siririn kuka, tana fitar da shuɗin hayaƙi, ƙarfinta na raguwa. Ran nan a wani ɗan tudu bayan Tsafe ta ƙi ja, fasinja suka sauka suka tura ta gefen titi suna mita.

A gareji bakanike ya kwance turbon ya ajiye masa a gaba. Man ya daskare baƙi ƙirin, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Direba ya rantse bai taɓa yi mata lodin da ya fi ƙarfinta ba, bai taɓa barin lokacin juyen mai ya wuce ba, kuma ko minti ɗaya ba ya barin ta tana wahala in sun iso gida. Bakanike ya ce, "To ai nan ne, maigida. Ba gudu ya cuce ta ba, hutun ne ya zo mata farat ɗaya." Mutumin nan ya zauna a kan tsohuwar taya, idanunsa suka ciko, don ya gane da hannun da yake shafa ta da shi ya yi mata illa. Bayan an gyara sai ya sake hali. Tun daga bakin gari yakan sassauta ƙafa a kan totur. In ya tsaya a ƙofar gida sai ya bar inji yana numfashi a hankali, ya buɗe ƙofa ya sauko da ƙafa ɗaya. A nan cikin motar yake shan ruwan da yarinyar ta kawo, ya tambaye ta me aka koya musu a makaranta, ta ba shi labarin akuyar maƙwabta da ta shigo ta ci dusa. Sai zafi ya sauka sannan ya kashe. Maƙwabta suka ce yana ƙona mai a banza, ya yi murmushi kawai. A cikin motar nan, da turbon nan, aka kai yarinyar ɗakin mijinta.

Mahaifinka ya yi doguwar tafiya, ɗana, kuma har yanzu jikinsa da zafin aiki. Ka mayar masa da keken. In kasuwa ta yi masa nisa, ka ajiye masa shi a zaure, ya riƙa yi wa jikokinsa kayan salla, abokansa su zo su zauna a yi hira ana jin ƙarar keke. Bana ya ɗinka kaɗan, baɗi ya rage, wata rana da kansa zai ja ƙyalle ya rufe keken ya koma kan kujerar nan taka, kuma ran nan za ta yi masa daɗi. Hutun da kake so masa zai kai gare shi, in ka bar shi ya je da ƙafarsa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.