Sheƙar Gauraka a Bayan Gada

Kwana shida a mako Anti Tela tana duƙe kan keken ɗinki, idonta a bakin allura. Ranar Asabar kaɗai take ɗaga kai ta ga duniya. Da sassafe take ɗaukar wayarta ta bi ayarin masu yawon ɗaukar hoto.

Jagoransu wani dattijo ne da ya shekara talatin yana ɗaukar hoton fasfo kafin ya rufe shago. Baba Sannu-Sannu ake ce masa, don tafiyar minti goma sai ya ci awa guda a kanta. Yana gaba da tsohuwar kyamararsa a wuya, mutum takwas na biye, ba ya yarda a wuce haka.

Duk wanda ya bi shi sai ya ga garin kamar yau ya sauka a cikinsa. A layin maƙera sai ya gaisa da kowa, ya tambayi iyali, ya nemi izini, kafin a ɗaga waya. Sannan ya nuna musu yadda hasken safiya ke ratsa hujin kwanon rufi ya sauka a kafaɗar maƙeri. A tsohuwar tashar jirgi ya taɓa sa su tsugunno rabin awa saboda wani ɗan fure da ya tsiro tsakanin ƙarafa.

"Baba, gwiwar nan fa guda biyu gare ni, babu ta canji," in ji Direba, wani mai ƙiba a cikinsu da ba ya rasa ta cewa.

"Ido ke fara ɗauka, sannan waya," in ji Baba. "Matsa baya kaɗan, tumbinka ya shiga hoton mutane."

Anti Tela ta yi dariya har da hawaye. A wurin dattijon nan ta koyi kallo, har ɗinkinta ma ya canza.

Wata Asabar ya fitar da su bayan gari. Suka haye tsohuwar gadar ƙarfe, suka gangara fadama, yana yi musu alama da hannu su yi shiru. Ya buɗa dogayen ciyayi a hankali. Ga gauraka biyu, tukkunsu na sheƙi kamar zinariya, ɗaya a tsaye tana gadi, ɗaya a kwance kan sheƙa.

"Shekara shida rabona da su," in ji Baba cikin raɗa. "Bana suka dawo. Ƙwai biyu ne a ƙarƙashinta. Ku ɗauka son ranku daga nan. Amma kada gadar can ta fito a hoto, kada kuma ku faɗa wa kowa wurin. Amana na ba ku."

Hoton Anti Tela ya fi na kowa. Gauraka ta buɗe fukafukai, ga gada a bayanta, rana na tasowa. Da ta koma shago ta gwada yanke gadar, sai ta ga bakin fiffike zai tafi tare da ita. Ta daɗe tana kallo. Ta ce a ranta, gada nawa ce a duniya? Ta ɗora shi a shafinta na intanet yadda yake.

Yabo ya yi ta zuba. Ita da ba a taɓa yaba mata komai ba sai kalmasar riga, ranar ko abinci ba ta nema ba. Can sai wani ya rubuta a ƙasa: "Kai, ai na gane gadar nan!"

Ta goge hoton nan take, amma bakin alƙalami ya bushe, ya riga ya zaga wayoyi.

Asabar ta zagayo. Tun daga gindin gada suka fara ganin sawun babura da robobin ruwa. Ciyayin duk an tattake. Sheƙar ta baje cikin laka, ɓawon ƙwai a warwatse.

Wani masunci da ke gyaran koma ya ce musu, "Tun Talata ake tururuwa. Wasu har jifa suke yi don tsuntsayen su tashi a ɗauka. Shekaranjiya wani ya ɗana tarko, ya tafi da ɗaya a buhu."

Ɗayar tana sama tana kewaya fadamar, tana kuka, ba mai amsa mata.

Baba ya zauna a ƙasa, bai damu da laka ba.

Anti Tela ta durƙusa a gabansa. "Baba, ni ce."

"Na sani, 'yata. Na ga hoton. Ya yi kyau, wallahi ko ni ban taɓa ɗaukar kamarsa ba." Ya tsinci ɓawon ƙwai guda ya sa mata a tafin hannu. "Ɗauki wannan ma, ki ɗora musu su gani."

Har yau Baba yana zagayawa da mutane cikin gari, yana nuna musu haske da inuwa. Amma da ya iso gindin gada sai ya juya, bai sake hayewa da kowa ba. Ɓawon ƙwan kuwa yana cikin gwangwanin maɓallan Anti Tela, kullum ta buɗe sai ta gan shi.

'Yan uwa masu karatu, ba duk kyan da ido ya gani ake shelarsa ba. In an yarda da kai an nuna maka wuri, amana ce ka ɗauka, kada ka sayar da ita don yabon kwana ɗaya.