Rugugin Salansa Ba Ƙarfin Inji Ba Ne

Cikin Yokasta na wata biyar mijinta Amaurys ya dawo gida da jar motarsa tana ruri kamar hadarin farkon damina. Karnukan unguwarsu a birnin Santiyago suka ɗauki haushi, mai soya ayaba a bakin titi ta toshe kunnuwa.

Amaurys ba mugun miji ba ne. Shi ke tashi da sassafe ya dafa mata kofi, ya kirɓa mata dafaffiyar ayaba da albasa, yana yi mata waƙa da muryarsa marar daɗi. Amma in aka zo kan motar nan mai ƙofa biyu, wadda aka ƙera don gudu, ba ya jin kira.

"Kin ji ta, masoyiya? Na yar da salansar kamfani, na sa wata. Ƙarfin doki hamsin na ƙara mata."

"Na ji ta, har na cikina ya ji," in ji Yokasta. "Dawakin ne ban gani ba. A ina ka ɗaure su?"

Radhames, babban abokinsa kuma shugaban ƙungiyarsu ta masu motocin gudu, ya kwashe da dariya. "Matar aboki, ki tsaya a kan tukunyarki, ki bar wa maza inji."

"Tukunyata ma in ta cika ƙara, ruwanta ne ya ƙone. In kun isa, mu je a auna."

Ba ta bar maganar ba sai da suka kai motar garejin da ke da na'urar auna ƙarfin inji. Aka ɗaure ta, tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Doki shida kacal ta ƙara, shi ma sai an take ta har ƙarshe. Wajen tashi kuwa rauni ta yi, don ba a daidaita ƙwaƙwalwar motar da sabon bututun hayaƙin ba.

Fuskar Amaurys ta canza. "Na'urar nan ba ta da kunne," ya ce.

Radhames ya ba shi shawara: a huda bututun daga ƙarƙashin kujera, a sa murfi mai buɗewa da maɓalli, hayaƙi ya fita tun bai kai baya ba. Mai walda na bakin hanya ya yi aikin, ya huda ƙasan motar don wucewar waya, bai toshe ramin ba.

Lahadin ƙarshe ta watan Mayu ta zo, Ranar Uwa, ranar da kowa ke kama hanya zuwa neman albarkar mahaifiyarsa. Mahaifiyar Amaurys tana can garin Harabakowa, kan duwatsu.

"Ba zan shiga ba," in ji Yokasta. "Duk ran da na shiga motar nan sai kaina ya yi ciwo. Motar haya zan hau."

"Ranar Uwa ki sauka daga motar haya a ƙofar Mama? Da wane ido zan kalli 'yan'uwana?" Ya riƙo hannayenta. "Na yi miki alkawari ba zan taɓa maɓallin ba."

Ta dube shi, ta tuna surukarta da ke ta saƙa wa jikan da za a haifa mata hula, ta shiga.

Bayan sun wuce garin La Bega ruwa ya ɓalle, hanya ta cushe, suka rufe gilasai ruf. Sai ga Radhames a layin da ke gefensu, yana taka tasa motar tana aman wuta, yana yi wa Amaurys gwalo.

"Ka yi alkawari," ta ce.

"Sau ɗaya kawai, in rufe masa baki."

Bai tsaya a ɗaya ba. Murfin ya zauna a buɗe, motar na tsaye, hayaƙi na bin ramin nan yana shigowa. Yokasta ta ji kanta ya yi nauyi, harshenta ya ƙi motsi. Abin da ta ji na ƙarshe shi ne muryar mijinta yana cewa, "Fushi kike yi da ni?"

Masu wucewa ne suka fasa gilashi, bayan motar ta gangara ta bugi bayan wata babbar mota, su biyun a sume.

A asibiti ta farka. Likita ta zauna a bakin gadon, ta ce gubar hayaƙi ce, irin wadda hanci ba ya ji. Ta ce ita da mijinta sun tsira. Yokasta ta ɗora hannu a cikinta, ta gane cikin ya zube.

Amaurys ya durƙusa yana kuka kamar ransa zai fita. Radhames ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu. "Sai haƙuri, matar aboki. Ƙaddara ce."

"Kada ka ɗora wa Allah ramin da kuka huda da hannunku."

"Zan sayar da motar gobe," in ji Amaurys.

"Don wata mace ta zauna a kujerata? Ba za ka sayar ba. Wurin taronku za ka kai ta, a ɗaga ta sama."

Haka aka yi. Duk Lahadin da ƙungiyar ta taru, Yokasta na tsaye gefen jar motar, tana nuna wa samari ramin da yatsa. Wasu su yi tsaki su wuce, wasu su tsuguna su leƙa. Ba ta taɓa sassauta murya ba.

Jama'a, ƙarar mota ba ita ce ƙarfinta ba. Mai son ƙarin ƙarfi ya je wurin ƙwararru a auna, a daidaita, ya kuma yarda da abin da aka auna. Wanda ya huda motarsa don burge abokai, na kusa da shi ne ke fara shaƙar sakamakon.