Darasin Waya da Injin Riɗi

Tunda kai aka damƙa wa horar da ma'aikata a wurinku, har kun fara neman manhajar da za ku zuba darussa a ciki, bari in ba ka wani misali kafin ka sa hannu.

An yi wani mai masana'antar gyaran riɗi, mutum mai tausayin na ƙasa da shi. Mata ne suka fi yawa a wurinsa, masu tsince tsakuwa da masu ɗinke buhu, sai 'yan kaɗan da ke tsayawa a kan injin tankaɗe. A da, idan za a kai mace kan injin, sai ta daɗe a gefen wata tsohuwar hannu tana kallo, ana kwaɓarta, kafin a sakar mata. Da aiki ya bunƙasa, sai ya ga hanyar tana cin lokaci, kuma kowace da irin koyarwarta. Ya sayo manhaja daga waje da darussanta a shirye: bidiyo mai kyau, injuna fes, ma'aikata cikin ɗamammiyar rigar aiki da hular kwano. Kowace ta kalla a wayarta, ta amsa tambayoyi, sunanta ya koma launin kore a kwamfutar ofis. Wadda ta yi kore, an ɗauka ta ƙware. Ranar da aka fara har lemo aka raba.

Cikin masu ɗinke buhu akwai wata mata, mijinta ya daɗe a kwance, ita ke riƙe da gida. Tana sha'awar aikin injin ƙwarai. Ba ta yi irin ta wasu ba, masu danna gaba-gaba har darasi ya ƙare. Tana girki, waya na jingine da turmi tana kallon darasi. Inda Turanci ya fi ƙarfinta sai ta mayar baya, ko ta leƙa ta tambayi maƙwabciyarta malamar firamare. Ta san safar hannu, ta san gilashin kare ido, ta san abin rufe hanci. Sunanta ya yi kore, aka kai ta kan injin, ta shiga da bisimilla, hijabinta har gwiwa kamar yadda take zuwa kullum. Darasin bai ce komai a kan hijabi ba, domin waɗanda suka shirya shi ba su taɓa ganin mace ta tsaya gaban inji da shi ba. Tsofaffin hannu sun san ana naɗe shi a ci ɗamara, amma an riga an rarraba su wasu sassa, kuma ba wanda ya ƙara cewa su koya wa kowa. Da hantsi ta sunkuya za ta share riɗin da ya zube, bel ya kama bakin hijabin ya fizgo ta. Ta kai hannu ta ƙwace, hannun ya bi. Da ɗayan ta lalubi jan maɓallin da ta gani a bidiyo. Nasu injin tsoho ne, makashinsa yana can jikin bango. Kafin wata ta ruga ta kashe, aikin gama ya gama.

Mai masana'antar ya same ta a asibiti, an yanke hannun dama daga gwiwar hannu. Ya tsaya a kanta ya rasa bakin yin sannu. Ita ce ta riga shi magana: "Alhaji, ka yi haƙuri. Wallahi duk na kalla, ban tsallake ko ɗaya ba." Ya fita baranda ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannun babbar rigarsa.

Bai jefar da manhajar ba, darussan ya sa aka kwashe. Ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar wurin aikin, ya tara matan, ya tambaye su me ke ba su tsoro a nan. Suka yi ta faɗa har azahar: ƙasa mai santsi idan riɗi ya zube, wayar wuta da ta saɓule, ƙurar da ke hana ganin bel. Aka ɗauki sababbin darussa a gaban injinsu, da Hausa, gajeru, da fuskokin da suka sani. Suna kuma ba ya yin kore sai tsohuwar hannu ta tsaya ta ga mace ta yi da hannunta. Masu zuwa baya sun ci moriyar wannan gyara. Ita kuwa matar ba ta koma ba. Ya ɗauki nauyinta iya ƙarfinsa, amma tana can gida da girmanta tana koyon ɗaura zani da cin tuwo da hagu.

Saboda haka kafin ka zuba darasi ko ɗaya, ka sauka inda ake aikin, ka zauna ka saurara. Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.