Motar Hunar Baig Ta Tsaya a Shinge

Ranar Talata ce, ƙarshen Oktoba, gari ya waye da baƙin hadari a kan duwatsun Gojal na arewacin Pakistan da iska mai yankan kunne. Hunar Baig ya kurɓe shayin gishirinsa a tsaye ya tayar da mota. Jiya shi da matarsa Nek Bano suka gama tone dankalinsu a gonar can sama, suka tara shi a fili suka lulluɓe da ganye. Ganye na iya kare shi daga sanyi dare ɗaya. Ba ya kai biyu.

Motar jif ce mai ja da tayoyi huɗu, a bazara ya saye ta. Ya kai wa mai walda ya cire kujerun baya, ya yanke ta kamar akori-kura. Takardunta kuwa ya cusa a leda, bai ba kowa ya karanta masa ba.

A shingen da hanyar dutse ta fara, mai gadi Dinar ya buɗe takardar ya daɗe yana kallo.

"Kawu, wannan ai motar gida ce."

"Motar gida? Ba ka ga bayanta ba, ko sanyi ya taɓa maka ido?"

"Na gani. Amma a takarda 'yar kwalta ce, ta rakiyar amarya. Tun da wata irinta ta faɗa rami bara, sai wadda aka rubuta a rukunin motocin kaya ke wuce nan."

"Dinar, ni na goyo ka daga rafi ranar da ka karye. Sahu biyu kawai zan yi."

Dinar ya sunkuyar da kai. "Ban manta ba, Kawu. In na ɗaga sandar nan, gobe wani za ka tarar a wurin."

Ofishin da ke sauya rukuni yana birni, tafiyar yini guda, kuma sai sun duba waldar kafin su sa hannu. Masu motocin da ke da izini duk suna sama, kowa na kwasar nasa. Hunar Baig ya ari jaki ya hau da ƙafa, awa uku. Buhu biyu ya sauko da su. Kafin la'asar dusar ƙanƙara ta fara zuba, ba ta tsaya ba sai Juma'a.

Da suka hau, Nek Bano ta ɗaga ganyen ta matsa dankali ɗaya. Ruwa ya biyo yatsunta. Ta zauna a kan dutse.

Buhu arba'in da shida suka tone. Arba'in da huɗu sun ruɓe, har da irin da za su shuka baɗi.

Mai karatu, kafin ka sayi mota ko ka sauya mata siffa, ka san rukunin da aka rubuta ta a ciki, ka gyara takardarta tun aiki bai matsa ba. A shinge takarda ake dubawa, ba ƙarfin mota ba.