Fitilar da na kunna da rana

Rubuta yadda na faɗa, ɗiyata, kada ki gyara.

Zamanin soja ne, ina yarinya a Filinge. Bayan la'asar muna tsakar gida, sai ga jirgin sama ƙasa-ƙasa, fitilarsa a kunne, alhali rana ba ta faɗi ba. Baba ya ɗauki ƙanwata Rabi ya aza a wuya. Ni kuwa ina ƙasa, riƙe da bakin rigarsa.

Rabi ta ce, "Baba, makaho ne yake kunna wuta da rana?"

Ya yi dariya. "A'a, auta. Ba don ya gani ba ne, don 'yan'uwansa jirage su gan shi."

Na ruga ɗaki na kunno fitilar Inna, na tsaya gabansa ina ɗaga ta sama. Ya dube ni kam. Ya ce, "Ke, wa ya ce ki ƙona muna kananzir?" Ya hure ta, Rabi tana bisa wuyansa.

Mutum ɗaya ya taɓa ganina ba tare da fitila ba, maigidana. Bara ya rasu, har yau kukansa nake. Rabi kuwa nata yana raye.