Kyamarar Malam Tukur

Ranar da Rilwanu ya ga kyamarar mahaifinsa a wayar matarsa Jannatu, ko tuwo kasa ci ya yi. Ita ce ba tantama: tsohuwar kyamara mai fim, da maratayin jar fata da wani baduku ya ɗinka mata a kasuwar Haɗejiya. Wani marar kunya ya saka ta a zauren WhatsApp na masu cinikin kayan da, ba suna, sai wata baƙuwar lamba.

Bara ruwa ya ci unguwarsu. Da aka koma gida, mahaifin nasa, Malam Tukur Yelwa, ya ce masu kwalekwale sun fasa shagonsa na hoto sun ɗauke ta. Rilwanu bai taɓa ƙyamar mutane kamar lokacin ba. A ce kana gudun ceton rai, wani yana tuƙo jirgi ƙofarka.

Abin haushi, shekarun baya ko mai gwangwan ba zai kalli kyamarar ba, waya ta kashe sana'ar. Yanzu kuma 'yan gayun Legas da na Turai sun ce hoton fim suke so, farashi ya haukace.

Shi kuwa tsohon, sai haƙuri. Da an tayar da zancen zai ce a bar su da Allah. Ya rage fita, kullum yana zaure da 'yar wayarsa, ba ya tambayar komai sai yadda dala ta kwana. Rilwanu ya ga baƙin ciki zai kashe masa uba a zaune, ya ƙudura dawo da ita ba tare da ya sani ba.

Da wayar Jannatu ya yi cinikin, a rubuce, don ko muryar ɓarawon ba ya son ji. Mutumin ya iya wulaƙanci. Yau a daidaita, gobe ya ce dala ta tashi. Rilwanu ya haɗa shi da Allah, ya ce wani dattijo yake son faranta wa. Aka amsa masa cewa kowa ma yana da dattijo, in ba kuɗi ya ba wasu wuri.

Ga noman rani ya matso, amma haka ya ɗauki injin ban-ruwansa ya kai kasuwar Malam Madori. Jannatu ta tambaye shi da me za a shayar da shinkafar fadama. Duk da haka ya sayar da shi, ya cusa kuɗin a aljihu.

Daga tasha ya wuce rumfar Ari mai POS, ya miƙa kuɗin da lambar asusun da mutumin ya turo, yana tsine wa mai ita a ransa. Ari ya danna, ya tsaya karanta sunan kamar yadda ya saba kafin ya tura, sai ya ɗago.

"Tukur Yelwa. Haba Rilwanu, in Baba za ka ba kuɗi, ai da ka kai masa hannu da hannu ka huta da caji."